Kwararar bayanai cikin kash: abin da na tura ba shi nake gani ba

Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu aiki da Apache Ignite, manhajar da ke ajiye bayanai a RAM ɗin sabobi da yawa, a taimaka min. Sabobi uku ne a gungun, kash ɗin (ma'ajiyar bayanai mai saurin karantawa) PARTITIONED ne, wato an raba shi tsakanin sabobin, da kwafi ɗaya na kowane bayani. Saƙonni suna fitowa daga Kafka, manhajar da ke jera saƙonni tana miƙa su, kowane saƙo karatun wani ma'aunin zafi ne, mabuɗin kuma lambar ma'aunin. Ina zuba su ta IgniteDataStreamer, wato sitirima, hanyar da Ignite ya tanada don zuba bayanai masu yawa. Abin da nake so bai da yawa: duk lokacin da na ba kash lambar wani ma'auni, ya ba ni karatunsa na ƙarshe.

Amma da na leƙa ciki sai na ga abin ya sha bamban. Wasu ma'aunan babu su kwata-kwata, alhali na ga saƙonninsu sun wuce ta Kafka. Waɗanda suke ciki kuma karatunsu na farko ne ke zaune, bai canza ba. Sannan da na shiga kowace sabar na ƙirga abin da ke cikinta da `localSize(CachePeekMode.ALL)` na haɗa jimilla, sai ta ninka abin da `size()` ya ba ni. Babu wani saƙon kuskure ko ɗaya. Wanne zan yarda da shi?

Nafisa:
Wa alaikumus salam. Ina bibiyar wannan, don har yau ban gane bambancin zuba bayani da `put` da zuba shi ta sitirima ba.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Sadiq. Gaya min abu biyu tukuna. Ka taɓa `allowOverwrite`? Kuma kana kiran `flush`, ko ka sa wa `autoFlushFrequency` wani lokaci?

Sadiq:
A'a Malam, yadda take na bar ta. Saƙo na zuwa sai in kira `addData`, shi ke nan.

Malam Bashir:
To ai ka amsa biyu daga cikin tambayoyinka da kanka. Nafisa, ki matso, taki amsar ma tana ciki.

Idan ka kira `put`, manhajarka tana aika bayani guda, ta tsaya jiran amsa, sannan ta aika na gaba. In bayanan miliyan ne, zuwa da komowa sau miliyan ke nan a kan hanyar sadarwa, kuma a nan lokaci yake ƙarewa, ba a wajen rubutun kansa ba. Sitirima an yi ta ne don a guje wa wannan. Tana duba mabuɗi, ta lissafa wace sabar ce ke da alhakinsa, ta jefa bayanin cikin jakar wannan sabar. Ba a aika jaka sai ta cika, kuma girmanta na asali bayani 512 ne. Akwai ma wata jakar ta kowane zare, wato kowane layin aiki da manhaja ke gudanarwa, da bayanin ke fara zama a ciki kafin nan. Idan kwararar tana da ƙarfi ba za ka lura ba, jakunkuna na cika suna tafiya. Da ta yi sanyi, ragowar sai su zauna suna jiran abokan tafiya. Shi kuma `autoFlushFrequency` a asali sifili ne, wato a kashe yake. Ma'aunan da ka ce sun ɓata suna nan cikin RAM ɗin manhajarka, ko ƙofa ba su fita ba. Sa masa 1000, wato daƙiƙa ɗaya, za ka gan su.

Na biyun ya fi cizon mutane. `allowOverwrite` a asali `false` ne, ma'anarsa in sitirima ta tarar mabuɗi yana cikin kash, sai ta wuce shi ba tare da ta ce uffan ba. Da gangan aka yi haka, domin asalin aikinta shi ne cika kash wanda babu komai a cikinsa cikin sauri, inda kowane mabuɗi sau ɗaya yake zuwa. Kai kuma naka mabuɗin yana ta maimaituwa. Karatun farko ya kama wuri, duk na bayansa an zubar.

Hauwa:
Na ukun ba matsala ba ce, tambayar da ka yi ce aka amsa maka. Ignite yana raba kash ɗin PARTITIONED zuwa kaso 1024 in ba ka canza ba. A sabobi uku, kowace tana riƙe da asalin kaso wajen 341. Da ka ce a ajiye kwafi ɗaya, sai kowace ta ƙara ɗaukar kwafin wasu wajen 341 na 'yan'uwanta. `ALL` yana ƙirga asali da kwafi tare, shi ya sa jimilla ta ninka. `size()` kuwa asali kaɗai yake ƙirgawa a duk gungun. In kana so ka ga rabon kowace sabar, yi amfani da `PRIMARY`. Kada kuma ka sa ran lambobin uku su zo daidai wa daida, rabon kusan daidai ne kawai.

Nafisa:
Anti Hauwa, ta yaya sitirimar ke sanin sabar da za ta kai wa mabuɗi? Akwai wata babbar sabar da ake tambaya ne?

Hauwa:
Babu. Lissafi ne da kowa zai iya yi da kansa. Daga mabuɗin ake fitar da wata lamba, lambar ta nuna kaso, sannan akwai tsarin da ke nuna wace sabar ce ke riƙe da kowane kaso, wanda kowa a gungun ya san shi. Amfanin wannan tsarin shi ne in sabar ta shigo ko ta fita, kason da abin ya shafa kaɗai ke ƙaura, ba a tayar da komai da komai. Hazelcast, wata manhaja irin Ignite, ma haka yake yi da kaso 271.

Sadiq:
Na gode ƙwarai. Na sa `autoFlushFrequency(1000)` da `allowOverwrite(true)`. Ma'aunan da suka ɓata sun bayyana, karatu kuma yana canzawa. Sai dai wani sabon abu ya ɓullo. Jefi-jefi sai in ga karatun da ya girmi wani ya zauna a kansa, lokacin da ke jikin bayanin ya koma baya. A Kafka kuwa a jere suke, na duba.

Kabiru:
Ka ga irinta ko. Aikin da ba ya wuce "ajiye na ƙarshe, ba ni na ƙarshe" an ɗauko masa katafaren abu mai maɓallai ɗari. Redis, wata ma'ajiyar bayanai ta RAM, tun 2009 yake wannan aikin. Ka haɗa umarnin `SET` da yawa ka aika a tafiya ɗaya, su isa a jere, a aiwatar da su a jere. Babu jakar da ke ɓoye maka kaya.

Hauwa:
Kabiru, a jere suke in haɗi ɗaya ne zuwa sabar ɗaya. Ka buɗe zare huɗu suna rubuta mabuɗi guda ka ga ko Redis zai san wanne ne babba. Matsalar Sadiq ba ta alamar kamfani ba ce, duk inda aka rarraba aiki don a yi sauri, jeri ne ke fara tafiya.

Malam Bashir:
Hauwa ta faɗi gaskiya. Sadiq, sitirima ba ta yi maka alkawarin jeri ba, kuma takardunta sun faɗi haka a fili. Tana iya aika jaka fiye da ɗaya zuwa sabar guda a lokaci ɗaya, can kuma zare daban-daban ne ke kwance su. Jakar da ta tashi daga baya tana iya riga ta gaba gamawa. Kafka ta riƙe maka jeri a cikin kason ta, amma daga lokacin da ka miƙa wa sitirima, wannan amanar ta ƙare.

Hanyar da na fi so ita ce ka daina dogara da jerin isowa gaba ɗaya. Tunda kowane karatu yana ɗauke da lokacinsa, sa `StreamTransformer` a matsayin mai karɓa. Wannan ɗan aikin a kan sabar da ke riƙe da mabuɗin yake gudana, kuma yana ganin abin da ke ciki da wanda ya zo. In lokacin sabon ya wuce na tsohon, a rubuta. In bai wuce ba, a bar shi. Ko sun iso a hargitse, na ƙarshe ne zai zauna. Ka dai tuna cewa wannan ɗan aikin dole sabobin su san shi, ko ka ajiye musu shi a can, ko ka kunna `peerClassLoadingEnabled`.

Kada ka yi mamaki in gudun ya ragu. Saurin da ake yabon sitirima da shi, yawancinsa daga `false` ɗin nan yake zuwa.

Kabiru:
Wato a ƙarshe an dawo rubuta ɗaya bayan ɗaya, an dai ƙara wahala.

Malam Bashir:
A cikin sabar, eh. Amma a kan hanya har yanzu a dunƙule suke tafiya, kuma kai tsaye zuwa mai alhakinsu. Ribar tana nan.

Hauwa:
Akwai abin da ya fi wannan tayar min da hankali, ba wanda ya taɓo shi. Sadiq, yaya kake shaida wa Kafka inda ka tsaya?

Sadiq:
Ita take yi da kanta.

Hauwa:
To duba. `enable.auto.commit` a kunne yake a asali, kuma kusan duk daƙiƙa 5 ake rubuta cewa ka karanta zuwa wuri kaza. Kafka ba ta san da jakunkunan sitirima ba. A wajenta, saƙo yana fita hannunta ya isa. Yanzu ka ɗauka an rubuta cewa ka kai saƙo na 9000, alhali 300 na ƙarshe suna cikin jaka, sai manhajarka ta mutu. In ta tashi daga 9001 za ta ci gaba. Waɗancan 300 sun tafi, kuma babu inda za a rubuta maka cewa sun tafi. Daƙiƙa ɗayan da ka sa ta rage girman ramin ne kawai, ba ta cike shi ba.

Kashe wannan maɓallin. Ka karanto rukuni, ka zuba, ka kira `flush()` ka jira ya dawo lafiya, sannan ka shaida wa Kafka. In an mutu a tsakiya, za a sake karanto wasu saƙonnin sau biyu, amma da mai karɓan da Malam ya kwatanta, maimaici ba ya cutar da komai: lokacinsa bai wuce na ciki ba, sai a wuce shi.

Malam Bashir:
Madalla. Biyun tare suke tafiya, in ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba ka gama ba. Amma kada rukunin ya yi ƙanƙanta. Wanda ke kiran `flush()` bayan kowane saƙo gara ma ya koma `put`.

Sadiq:
Na gane. Saura maganar leƙawa. Yanzu ina so in riƙa ganin abin da ke ciki don in tabbatar. Na buɗe sqlline, manhajar aika tambayoyin SQL, na haɗa ta tashar 10800, amma ban ga teburin kash ɗin ba.

Malam Bashir:
Ba za ka gan shi ba sai in ka bayyana wa Ignite fasalin bayanin, ta `QueryEntity` ko `setIndexedTypes`, ko kuma ta `CREATE TABLE`. In ba haka ba, SQL bai san da shi ba, ko da kuwa cike yake. Mutane da yawa suna ganin babu tebur sai su ɗauka babu bayani. Abin da ke aiki ko yaya ka ƙirƙire shi shi ne `ScanQuery`.

Kabiru:
Yauwa, a nan kam ina tare da kai Sadiq. Gani ya kori ji. Ka zazzage komai ka duba da idonka. Ni ban yarda da ƙidaya ba, don lamba tana iya yin daidai alhali abin da ke ciki shara ne. Kai kanka shaida ne: da `size()` kaɗai ka duba, da ba ka san tsohon karatu ne ke zaune ba.

Hauwa:
Wannan rabin na yarda da shi, ƙidaya ba ta isa ba. "Zazzage komai" ne ban yarda da shi ba. Kai da kake Redis ai ka fi kowa sanin abin da `KEYS *` ke yi wa sabar da mutane ke amfani da ita. Umarni ɗaya bayan ɗaya take aiwatarwa, sai kowa ya tsaya har ta gama jero maka miliyoyin mabuɗai.

Kabiru:
Wa ke amfani da `KEYS` yanzu? Tun Redis 2.8 akwai `SCAN`, kaɗan-kaɗan yake kawowa, kowa na ci gaba da aikinsa.

Hauwa:
To faɗa masa sauran mana. `SCAN` yana iya kawo maka mabuɗi ɗaya sau biyu. Wanda aka ƙara ana cikin zagayen, ƙila ya fito ƙila bai fito ba. Alkawarin da ya yi kawai shi ne wanda yake ciki tun daga farko har ƙarshe zai fito. A gungun Redis kuma, inda aka raba mabuɗai cikin gurbi 16384, `SCAN` sabar da ka haɗa da ita kaɗai yake zagayawa, sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Ba aibu nake nema masa ba, Ignite ma haka ne: zagayen da ka yi ana tsaka da zuba bayani ba hoton lokaci guda ba ne. Kason da ka fara gani ya riga ya canza kafin ka kai na ƙarshe. To da me za ka gwada abin da ka zazzage? Da Kafka ta yaushe?

Nafisa:
To in haka ne ba a leƙawa ke nan?

Malam Bashir:
Ana leƙawa, da ladabi. `ScanQuery` shafi-shafi yake kawowa, 1024 a kowane shafi in ba ka canza ba, matuƙar kana bin sakamakon ɗaya bayan ɗaya. Da zarar ka kira `getAll()` a kansa, ka ce a juye duk kash ɗin cikin RAM ɗin manhajarka, kuma abin da sabobi uku suka raba ba lallai kwamfuta ɗaya ta iya ɗauka ba. Ka ba shi matata, ita a can kan sabobin take gudana, abin da ya dace kaɗai ke tahowa. Misali a kawo maka ma'aunan da karatunsu ya wuce minti 10 bai sabunta ba. Wannan tambaya ce mai amfani, amsarta kuma gajera ce. In duba lafiya kawai kake so, `setPartition` zai ba ka kaso guda cikin 1024. Sannan ka buɗe kash ɗin da `withKeepBinary()`, don kada a tsaya mayar da kowane bayani cikakken abu na Java alhali fili ɗaya kake son karantawa. In ka gama ka rufe sakamakon, kada ka bar sabobin suna riƙe da shi.

Matata dai ba ta hana zagayen, duk bayanan za a bi a duba, tahowar ce kawai ta ragu. Saboda haka ba abin yi duk daƙiƙa ba ne.

Hauwa:
Na kullum kuwa ni ga yadda nake yi. Ina tura wani saƙo na musamman ta cikin Kafka ɗin, mai mabuɗin da na sani, ɗauke da lokacin da aka tura shi. Wata ƙaramar manhaja tana kiran `get` a kan mabuɗin tana duba tazarar. In tazarar ta fara girma, wani wuri ya toshe. `get` ɗaya ne, bai dami kowa ba, kuma ya bi duk hanyar da bayanan gaske ke bi.

Kabiru:
Bai bi duk hanyar ba. Mabuɗi ɗaya kaso ɗaya yake zuwa, a sabar ɗaya. In jakar sabar ta uku ce ta maƙale, naki saƙon yana ta shiga ta farko lafiya lau, allonki kore shar, kashi ɗaya cikin uku na ma'aunai kuma sun daskare.

Hauwa:
Wannan ka kama ni da gaskiya. Gyaransa kuwa ba wuya: `affinity` yana gaya maka sabar da kowane mabuɗi zai je, sai a zaɓi mabuɗi guda ga kowace sabar. In gungun ya canza a sake zaɓa. Har yanzu `get` uku ne, ba zazzage miliyan ba.

Kabiru:
Kuma har yanzu ba zai gaya miki an rubuta shara a filin zafi ba.

Hauwa:
Wannan samfuri ne aikinsa. Ɗauki mabuɗi 50 a warwatse, ka gwada su da saƙonsu na ƙarshe a Kafka.

Kabiru:
In matsalar ma'auni ɗaya cikin dubu ta shafa, 50 ɗinki sai ranar sa'a.

Malam Bashir:
Ku biyun ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba. Ni dai Sadiq, yanzu da kake gwaji kuma ba wanda ya dogara da kash ɗin, bi Kabiru: tsayar da kwararar, kira `flush()`, ka zagaye komai ka gwada. Ran da aka fara amfani da shi da gaske, na Hauwa za ka fi buƙata.

Nafisa:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In RAM ɗin ya cika ana ta zubawa fa? Tsofaffin ne ke fita?

Malam Bashir:
Ba da kansu ba. A Ignite, wurin ajiyar bayanai na asali kashi 20 cikin 100 na RAM ɗin sabar yake iya kaiwa, wato wajen GB 3.2 a sabar mai GB 16. Korar tsofaffi a kashe take sai ka kunna, da `RANDOM_LRU` ko `RANDOM_2_LRU`. In ba ka kunna ba kuma ba ka sa ajiya a faifai ba, `IgniteOutOfMemoryException` za ka gani, sabar ta faɗi. Redis ma a asali `noeviction` ne, sai dai shi in ya kai iyakar da ka sa masa ƙin karɓar sabon rubutu yake yi. Na Sadiq ba zai cika da sauri ba, tunda yawan mabuɗansa yawan ma'aunansa ne. Wanda ya haɗa lokaci cikin mabuɗin don ya riƙe tarihi, shi ne zai sha mamaki. In kuma ka kunna korar, ka sani cewa ka ƙara dalili ɗaya da zai sa ka nemi mabuɗi ka rasa, sai ka riƙa duba ƙidayar korar kafin ka zargi sitirima.

Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Na sa mai karɓa mai duba lokaci, na kashe shaidar kai tsaye ta Kafka, lokaci ya daina komawa baya. Abu ɗaya ya rage. Duk abin da muke dubawa asali ne. Ta yaya zan san kwafin da ke ɗaya sabar daidai yake da asalinsa? Na ga `control.sh --cache idle_verify`, na kunna shi yanzu, ya nuna min saɓani a wasu kaso.

Hauwa:
Ana zuba bayani ka kunna shi?

Sadiq:
Eh Anti, kwararar na tafiya.

Hauwa:
To wannan sakamakon ajiye shi gefe. Abin da yake yi shi ne gwada kowane kaso na asali da kwafinsa, ta ƙidayar sabuntawa da kuma lambar da ya fitar daga abin da ke ciki. In ana rubutu a lokacin, asali ya karɓi wani bayani kwafin bai karɓa ba tukuna, sai ya ga bambanci. Dakatar da mai karanta Kafka, kira `flush()`, jira ƙidayar ta tsaya cak, sannan ka sake kunnawa. In har a haka ya nuna saɓani, turo mana lambobin kason, ka kuma gaya mana ko akwai sabar da ta fita daga gungun lokacin da kake zubawa da `allowOverwrite` a `false`, don a wannan yanayin ne asali da kwafi kan rabu.